Motar rimot na dukan ƙasa in ta dira

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Motar wasa ce ta rimot, girman 1/10, wato ɗaya bisa goma na girman motar gaske. In ta dira daga tudu sai gindinta ya daki ƙasa, ta yi ta lilo. Shokozoba ɗaya na baya kuma ya jiƙe da mai. Sifirin ne ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Malam, ba sifirin ba ne, mai ne ya tsiyaye. Zoben robar da ke kewaye da sandar shokozoban, mai tare mai, ya cinye. Canja shi, ka duba sandar ko ta karce. Ka zuba man silikon lamba 35 (lambar kaurin man ke nan), ka motsa fistan a hankali, ka bar shi minti goma kumfa ta fita, sannan ka rufe. Biyun na baya za ka yi tare, kada ɗaya ya fi ɗaya tauri.

Amsa: Haka ne. Amma kafin nan, cire shokozoban ka ɗaga hannun tayar ka sake shi. In bai faɗo da kansa ba, fil ɗin da hannun ke juyawa a kansa ya lanƙwashe ko yashi ya shiga.

Amsa: Kada dai ka zuba man inji, yana kumbura roba. In har yanzu tana dukan ƙasa, koma man silikon lamba 40, ya fi kauri.