Sashen saurare na IELTS: ina makin yake zubewa?

Autan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura mako bakwai in zauna jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS ta kwamfuta, kuma sashen saurare ne ya tsaya mini a wuya. In na gwada tsofaffin tambayoyi a gida ina samun 25 zuwa 27 cikin 40, alhali 30 nake nema. Waɗanda suka zauna da waɗanda suke koyarwa, don Allah a faɗa mini abin da aka gani yana aiki.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, Auta. Bari in shimfiɗa tsarin tukuna saboda masu karatu daga baya. Kashi 4 ne, tambaya 10 a kowanne, kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Kashi na 1 hira ce tsakanin mutum biyu kan harkar yau da kullum, kamar neman hayar ɗaki. Na 2 mutum ɗaya ke bayani, sau da yawa da taswira. Na 3 ɗalibai ne da malaminsu, suna iya kai wa mutum huɗu. Na 4 lacca ce irin ta jami'a. Amsa 23 daidai tana ba da mataki na 6, 30 na 7, 35 na 8, da ɗan bambanci kaɗan daga wata jarrabawa zuwa wata.

To, ga abin da nake so ka yi kafin ka ƙara taɓa wata sabuwar jarrabawar gwaji. Ka ɗauko guda uku da ka riga ka yi, ka buɗe rubutaccen abin da aka faɗa a bayan littafin, ka bi kowace amsa da ka faɗi, ka rubuta dalili a gefenta. Dalilan ba sa wuce biyar: ban ji kalmar ba sam, na ji amma na rubuta ta ba daidai ba, na ji amsar farko na rubuta, ashe an canja ta, na ɓata hanya ban san inda ake ba, na wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. Mai samun 26 yawanci zai tarar kusan rabin abin da ya rasa ba rashin jin Turanci ba ne. Kowane dalili da nasa maganin, shi ya sa yin gwaji ashirin ba tare da wannan binciken ba bai cika ɗaga maki ba. Mutum yana maimaita kuskurensa ne kawai.

Nas daga Funtuwa:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni zan tsaya a kan rubutu, domin a nan ma'aikatan jinya da yawa suke rasa mataki na 7 da hukumar NMC mai yi musu rajista a Birtaniya take nema a saurare. Harafi ɗaya ya ɓace, makin ya tafi gaba ɗaya, babu rabin maki. Kalmomin da suke yawan dawowa sanannu ne: "accommodation" mai c biyu da m biyu, "environment" da "government" masu n a tsakiya da ba a jin ta sosai, "Wednesday", "February", "committee", "necessary". Ka buɗe littafi na musamman, duk kalmar da ta kayar da kai ka shigar da ita, ranar Juma'a wani ya yi maka shifta da su.

Sai s ta jam'i. Kunnenmu bai saba kama baƙi biyu ko uku a ƙarshen kalma ba, domin kalmomin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa. "Student" da "students", "test" da "tests", a bakin Bature mai sauri kusan ɗaya ne. In ba ka ji ba, jimlar da ke kan allo za ta taimake ka: in akwai "a" ko "an" kafin gurbin, tilo ne, in "are" ko "many" ne a kusa, jam'i ne. Rubutun Ingila da na Amurka duk ana karɓa, kuma za ka iya rubuta amsoshinka duka da manyan baƙaƙe, wannan ya raba ka da tunanin ko sunan gari ne ko na wata.

Ɗan Damagaram:
Ina da ƙari ga 'yan uwanmu da suka yi makaranta da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Cadi. A kashi na 1 ana yawan faɗin suna ko titi harafi bayan harafi. Sunan harafin I a Faransanci shi ne sautin E na Turanci, sannan G da J sun yi musaya tsakanin harsunan biyu. Mutum yana jin Turanci sarai amma hannunsa ya rubuta da Faransanci. Maganinsa minti biyar kullum: wani ya karanta maka sunaye goma harafi-harafi da sauri, kana rubutawa. A haɗa da A, E, I a jere, da Y da W, da H da R.

Malamin Turanci:
Madalla, ɗan uwa. Mu kuma na Najeriya namu P da F ne, da B da V. In an ce sunan mutum "Pearson" ko titi "Fenton", kunnen Bahaushe yana iya haɗa su wuri ɗaya tunda harshenmu bai raba p da f ba. Ba abin kunya ba ne, haka harshen yake, horo kawai ake yi.

Lambobi ma haka. A lambar waya Baturen Ingila yana cewa "oh" maimakon sifili, "double seven" na nufin 77, "triple two" na nufin 222. Bambancin 15 da 50, ko 13 da 30, yana wurin da aka danna murya: a "fifteen" ƙarshen ake ja, a "fifty" farkon ake dannawa. In alamar kuɗi ta riga ta fito a gaban gurbin, lamba kawai za ka sa.

Yayar Marayu:
Auta ƙanena, ni abin da na ga ya fi cin maki shi ne tarkon canja magana. Da gangan ake shirya shi. Mace za ta ce taron ranar Talata ne, ka yi maza ka rubuta, ka ɗauke hankalinka zuwa tambaya ta gaba, sai ta ce "oh sorry, no", an mayar da shi Alhamis. Duk inda ka ji "actually", "but", "however", "we used to", "I was going to", ka san amsar gaskiya tana tafe. Ka rubuta ta farkon, amma kunnenka ya zauna a wurin har sai maganar ta bar batun.

A kashi na 3 tarkon ya fi zurfi. Zaɓi uku ne, A, B, C, kuma galibi duka ukun za a ambata a cikin hirar. Wanda ka ji kalmominsa sak kamar yadda aka rubuta su, shi ya fi zama abin zargi. Amsar daidai takan zo da wasu kalmomi: a rubuce an ce abu yana da tsada, a baki a ce kuɗinsu ba zai kai ba. Ka kuma lura da wanda aka tambaya. In tambayar ta ce me suka amince a kai su biyun, ra'ayin ɗalibi ɗaya da ɗayan ya ƙi ba amsa ba ce, ko da shi ya fi daɗewa yana magana.

Ɗan Damagaram:
Kallon finafinan Turanci fa? Mutane da yawa suna cewa shi ya buɗe musu kunne.

Yayar Marayu:
Ban hana ba, amma ban ga yana ɗaga maki cikin mako bakwai ba. In rubutu yana gudana a ƙasan allo, ido ne ke aiki, kunne yana hutawa. Ga kuma fuska da hannu suna ba ka rabin ma'anar, abin da babu shi a ɗakin jarrabawa.

Abin da ke aiki shifta ce. Ka ɗauki minti ɗaya kacal na murya mai rubutaccen bayani, kamar shirin 6 Minute English na BBC ko kashi na 4 na gwajin da ka riga ka yi. Ka saurari jimla, ka tsayar, ka rubuta kowace kalma, ka maimaita har sau uku, sannan ka gwada da rubutun. Minti 20 zai ci. Za ka ga ba manyan kalmomi ne suke kuɓuce maka ba, ƙanana ne: "of", "to", "can", "have", "a". Turancin da muka tashi da shi yana ba kowace gaɓa haƙƙinta, kamar yadda muke yi a Hausa. Bature kuwa yana danna wasu gaɓoɓi ya haɗiye sauran, ya kuma manna ƙarshen kalma da farkon ta gaba. "Comfortable" gaɓa uku ce a bakinsa, "vegetable" ma haka. Kalmar da ka sani a takarda sai ta wuce ka ba ka gane ta ba. Bayan shiftar ka sake kunna muryar kana bin ta da bakinka, da irin saurinta. Abin da baki ya iya furtawa kunne yana saurin kama shi.

Kada ka tsaya kan Ingila kaɗai. Akwai muryoyin Ostareliya da Niyu Zilan da Amurka ta Arewa a jarrabawar. Rediyon ABC na Ostareliya yana intanet, ka ba shi kwana biyu a mako. A bakinsu "day" da "eight" suna karkata zuwa sautin "ai", kuma wannan yana rikita lamba da kwanan wata.

Nas daga Funtuwa:
Kan ƙa'idar adadin kalmomi: in an ce kada a wuce kalma biyu, ka rubuta uku, ka faɗi ko da amsar tana ciki. "The" da "a" kalmomi ne, ana ƙirga su. Kalma mai karan ɗori a tsakiya ɗaya ce. Kuma ƙa'idar tana canjawa daga rukuni zuwa rukuni, ka karanta ta kowane lokaci.

Taswira kuma, kafin a fara magana ka nemo ƙofar shiga ko inda aka ce kana tsaye, ka duba ko akwai alamar arewa. Ka riƙa bin hanyar da alamar linzami yayin da ake bayani. Hagu da dama na mai tafiya ne a cikin taswirar, ba naka da kake kallon allo ba.

Autan Gwale:
Na gode ƙwarai, Yaya, na gode Malam. Na duba guda biyu daren jiya. Cikin 28 da na rasa, 9 a kashi na 4 ne, kuma a jere suke zuwa. In na rasa ɗaya sai uku su bi ta.

Malamin Turanci:
Wannan shi ne ɓatan hanya, kuma yana da dalili. A kashi na 1 zuwa na 3 ana tsayawa a tsakiya a ba ka lokacin karanta sauran tambayoyin. A na 4 babu wannan hutun, goman a tafe ɗaya suke. Don haka lokacin da aka bayar na duba amsoshin kashi na 3, kada ka ɓata shi a baya, ka tsallaka ka fara karanta na 4. A kowane gurbi ka ƙiyasta abin da zai shiga: suna ne, lamba ce, ko siffa. Ka riƙe ƙananan kanun da ke cikin bayanin, su ne alamun hanya, domin mai lacca yana sanar da sauya batu da irin su "moving on to" ko "another factor". Idonka ya kasance kan tambaya biyu a lokaci guda, wadda ake kai da mai bi mata. Amsoshi a jere suke zuwa, saboda haka da zarar ka ji maganar tambaya ta 35 alhali 34 babu komai, 34 ta wuce. Ka bar ta. A ƙarshe ka cike ta da abin da ya fi kama da daidai, tunda ba a rage maki kan kuskure.

Tunda ta kwamfuta za ka yi, ka tuna minti 2 kawai ake bayarwa a ƙarshe don dubawa, ba minti 10 na kwafe amsa da masu takarda suka saba samu ba. Kana ji kana bugawa ne. Ka riƙa gwaji a kan allon bugu na gaske, ba waya ba, da abin saurare a kunne, ka saba amfani da maɓallin Tab wajen tsallakawa gurbi na gaba. Cikakken gwaji biyu a mako ya isa, ba tsayarwa, ba komawa baya. Sauran kwanakin na shifta ne da gyaran kurakurai. Ranar jarrabawa ana gwada ƙarar murya kafin a fara, in wani abu bai yi ba ka ɗaga hannu nan take.

Nas daga Funtuwa:
Masu neman zama a Kanada ta tsarin shige da fice na Express Entry su lura: matakin CLB 9 (ma'aunin ƙwarewar harshe na Kanada) yana buƙatar 8 a saurare, wato wajen amsa 35 ke nan, alhali 7 ya isa a sauran sassa ukun na jarrabawar. Akwai kuma damar sake sashe ɗaya kaɗai cikin kwana 60 ga wanda ya yi ta kwamfuta, amma ka tambayi makaranta ko hukumar da za ka kai wa sakamakon ko tana karɓar irin wannan kafin ka biya.