Tsaba da Ƙaiƙayi: Musayar Baitoci Kan Binciken Google

Baba Mai Albasa, Mile 12

Da sunan Allah Mai kowa Mai komai,
Salati ga Manzo, hasken duniya.
'Ya'yana na Ikko, ku ba ni kunnenku,
Yau a kan Google na zo da tambaya.
Mutum ya rubuta kuɗin sabunta fasfo,
Shafi goma su jeru a kan waya.
Na farko talla, na biyu ma talla,
Na uku dogon zance, ba kai ba wutsiya.
Zai ba ka tarihin fasfo tun asalinsa,
Farashin da ka zo nema yana can baya.
Ka ja, ka ja, hoton caca ya rufe rubutun,
Bidiyo ya kunna kansa da babbar murya.
Ka kai ƙasa, ashe farashin shekarun baya ne,
Kwanan wata aka sauya ya zama na jiya.
Data ta ƙone, batir ya ɗau zafi,
Guga ya fito wayam daga rijiya.
A Mile 12 in buhu ya zo da ruɓa,
Gaban dillali ake zazzage shi gaba ɗaya.
To wannan buhun, wa ke zazzage shi?
Ku da kuka san cikinsa, ku nuna hanya.

Mai Gyaran Waya, Computer Village, Ikeja

Baba, Allah ya ƙara girma, koke ya iso,
Bari in kwance maka yadda aka yi tsari.
Tun 1998 da aka kafa Google,
Ƙirga mahaɗai, wato linki, shi ne sirri:
Shafin da shafuka da yawa suka nuna,
Shi ake ɗagawa a sa a layin fari.
Da 'yan kasuwa suka gane mudun awon,
Sai mahaɗai suka zama hajar sari.
Mai shafin ba amsarka ce ta dame shi ba,
Tallan da idonka ya gani ne ribar jari.
Ana biyansa kan kowane kallo dubu,
Ko kan dannawa, shi ya sa yake ƙari:
Amsar layi biyu ya ja ta sakin layi ashirin,
Tsakanin kowanne ga talla a jeri.
A 2011 Google ya saki matatar shafuka, Panda,
Don gonakin rubutu marasa nazari.
A 2012 wata matatar, Penguin, ta biyo sawu,
Ta bi masu cinikin mahaɗai gari-gari.
A watan Maris 2024 ga sabuwar doka,
Kan shafukan da ake zubowa tuli da sauri,
Da masu sayen tsohon adireshin da aka saki,
Su ci albarkacin sunan da ya yi tasiri.
Amma a cike rami ɗaya, su haƙa goma,
Inji kan rubuta dubu kafin alfijiri.

Malamar Makaranta, Agege

Ƙanena, ka faɗi ciwon ka bar maganin,
Baba dabara yake so wadda zai aikata.
Baba, ga su nan, ba sai an sayi komai ba,
A akwatin neman nan ake rubuta.
Abin gwamnati ne? Ƙara site:gov.ng,
Na hukuma kaɗai za ka karanta.
Kar ka bar tazara bayan ɗigo biyun nan,
In ka bar ta, aikin ka ɓata.
Na jami'a kuwa site:edu.ng ne,
Takardar sanarwa, filetype:pdf ke zaƙulo ta.
Jimlar da kake so daidai yadda take,
Cikin alamar zance "kamar haka" ka kulle ta.
Kalmar da ta dame ka, sa mata alamar ragi,
A manne, kamar -bet, sai a kore ta.
Tsohon zance in ya shigo da sabuwar riga,
after:2025-01-01 ke yanke kwanan wata.
Sai dai mai sauya kwana kan tsallake shingen,
Duba ko ya nuna sanarwar da ta tabbata.
Fasfo, immigration.gov.ng ne gidansa,
JAMB tana jamb.gov.ng, kar a manta.
Shafin da ya ce tura kuɗi asusun wani mutum,
Wannan ba hanyar hukuma ba ce, guje ta.

Baba Mai Albasa, Mile 12

'Yata, Allah ya yi miki albarka.
Saura hoton kwaɗon kulle na gefen adireshi a waya,
Yara kan ce in an gan shi an tsira,
Haka ne, ko shi ma yana rufe ƙarya?

Mai Gyaran Waya, Computer Village, Ikeja

Baba, kwaɗon ba shaidar amana ba ne,
Hanya kawai ya kulle daga mai leƙen tsakani.
Takardar samunsa kyauta ake bayarwa,
Ɗan damfara ma yana da ita, ka sani.
Shi ya sa Chrome ya cire hoton a 2023,
Don yana ruɗar jama'a a wajen gani.
Adireshin za ka karanta a tsanake,
Nemi karkatacciyar sandar farko (/) bayan sunan, ka yi auni:
Abin da ke manne da ita ta hagu ne mai gidan,
Na gabansa duk ado ne da launi.
In ka ga gov.ng a tsakiya, .com a ƙarshe,
Rigar hukuma ce a jikin wani.
Ranar rajistar adireshi shafin WHOIS ke faɗa,
Shafin hukuma ɗan wata biyu, akwai rauni.

Ma'aikaciyar Jinya, Idi-Araba

Yaya, ara mini amsa-amon nan naka,
Don inda ya fi ciwo shi ne batun magani.
A rubuta hawan jini ko ciwon suga,
Sai mai sayar da kwalba ya hau yin bayani.
Alamu goma zai jera, kowa na da biyar,
Ciwon kai, kasala, jiri da yawan tunani.
Ƙarshensa lambar WhatsApp da ragin farashi,
Ba sunan likita, ba asibiti, ba kamfani.
Hawan jini ba a gane shi da karatu,
Sai awo a rana biyu wurin masani.
In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura,
Asibiti za a nufa, a bar jinkirin yini.
Kwalba kuwa, akwai lambar NAFDAC a jikinta,
Sa ta a Greenbook na hukumar ka gani.
Sunan maganin da na wanda ya yi shi
Su dace da kwalin. In sun saɓa, ba amfani.
Wannan ya fi komai tsaya mini a rai:
Amsar da inji ke taƙaitawa, sabon zamani,
Wadda ta fara hawa saman shafi a 2024,
Daga shafukan nan take ɗebo bayani.
In rijiya ta gurɓata, ruwan gugan ma haka,
Danna mahaɗinta ka ga wa ya faɗa, masani ne ko wani.

Ɗalibi Mai Fassara, Obalende

Iyayena da yayyena, ku ba ni fili,
Akwai ciwo na daban ga mai nema da Hausa.
Rubutunmu a intanet bai kai na Turanci ba,
Inda tsaba ta yi kaɗan, ƙaiƙayi ke hawa bisa.
Tun 2013 Google Translate ya ɗau harshenmu,
Alheri ne, amma wasu sun mai da shi wasa.
Su kwashi shafin Turanci su juye ta inji,
Ba Bahaushen da ya duba kafin su sa.
Alamarsa, mace ta koma "shi" a tsakar jimla,
Karin magana ya zo tsirara, ma'anarsa ta yi nesa.
Sannan ga masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ,
Wani ya rubuta ƙasa, wani ya rubuta kasa.
Nemi kalmar sau biyu, da lanƙwasa da babu,
Ko OR da manyan baƙaƙe tsakaninsu ka sa.
Labari kuwa, gwada site:bbc.com/hausa,
Ko Aminiya, ko RFI ta ƙasar Faransa.
Wikipedia ta Hausa mashiga ce mai kyau,
Amma gangara ka duba madogarar da ke ƙasa.

Direban Tirela, Apapa

Jama'a, in kasuwa ta cika da algus,
Ba sai a tashi a koma wata ba gaba ɗaya?
Me ya ɗaure mu da Google ɗin nan,
Shi kaɗai ne injin nema a duniya?

Mai Gyaran Waya, Computer Village, Ikeja

Oga direba, akwai Bing na Microsoft,
DuckDuckGo kuma daga Bing ya fi ɗebowa.
Brave na da rumbun kansa da ya tara,
Duk kyauta ne, sun cancanci gwadawa.
Zaman Google a waya tun daga kwali,
Kuɗi ne ya biya, a kotu aka yi tonawa:
Dala biliyan 26 da ɗoriya a 2021,
Don ya zama shi ake fara buɗewa.
A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta a Amurka
Ya ce babakere ne, doka ake takawa.
Ni dai a ganina sauya inji bai isa ba,
Shafukan banzan can ma suna kutsawa.
Bayan ka yi nema, duba jerin saman nan,
Danna Web, wani sa'in a More yake ɓoyewa.
Taƙaitawar inji da tarkace su kauce,
Mahaɗai su jeru kana tantancewa.
Shafin da aka goge ko aka sauya wa zance,
Google ya daina nuna kwafin da yake ajiyewa,
Liƙa adireshin a web.archive.org,
In sun ɗauke shi, tsohon zai fito da ranar ɗaukowa.

Malamar Makaranta, Agege

Saura kukan Baba na farko ban taɓa ba,
Tallan da ke faɗo wa waya yana zafafa ta.
In shafi ya ce danna Allow kafin ka shiga,
Izinin turo talla yake nema, Block ke rufe ƙofarta.
Wanda ya riga ya danna, ya buɗe Chrome,
Ɗigo ukun sama, Settings, ya shige ta,
Site settings, sannan Notifications,
Duk sunan da bai sani ba ya hana shi, wayar ta huta.
Firefox na Android na karɓar uBlock Origin,
Yana tare talla kafin ya taɓa data.
Sai dai jaridar kirki da talla take biyan albashi,
A shafinta, Baba, kashe shi ka ɗage mata.