Yaro ɗan shekara 9 da kilo 41: ƙoshi ne ko ƙiba?

Goggon Abba, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ɗan yayana ne, shekararsa 9 cif, nauyinsa kilo 41, tsawonsa santimita 134. Kakarsa ta ce jikin gidansu ne, zai zazzage in ya fara tsawo. Amma bayan wuyansa ya yi baƙi, ko an dirje da soso ba ya fita, ga minshari da dare. Kuɗin tara kullum a lemon kwalba da fanke suke ƙarewa. Uwarsa na son ta hana shi tuwon dare, ta sa shi kan shayin rage teɓa. Hakan daidai ne?

Ma'aikaciyar jinyar yara, Katsina:
Wa alaikumus salam, Goggo. Mu fara da lissafi. Tsawo a mita, a ninka shi da kansa: 1.34 sau 1.34 ya ba da kusan 1.8. A raba kilo 41 da wannan, an samu 22.8, ma'aunin nauyi da tsawo ke nan da ake kira BMI. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin namiji ɗan shekara 9 yana kan 16, nauyi ya fara yawa daga 17.9, ƙiba kuma daga 20.5. Ke nan Abba ya tsallake layin da tazara. Kada a auna yaro da ma'aunin manya na 25 da 30, nan mutane ke ruɗuwa su ce ai lafiyarsa ƙalau.

Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ce, a daina wahalar da shi da soso. Galibi alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, hanyar ciwon suga ke nan. Ku duba hammata, wataƙila ku gan shi can ma. Ku kai shi sashen yara na asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da safe, bai ci komai ba na awa 8, ruwa kawai. Suga ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 gargaɗi, 126 zuwa sama sai a maimaita gwajin a tabbatar. A auna hawan jini da madaurin da ya dace da damtsensa, domin ƙaramin madauri na nuna jini ya hau alhali bai hau ba. Minsharin ma a faɗa wa likita, musamman in numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, a duba maƙogwaronsa.

Tuwon dare kuwa a bar masa abinsa. Yaron da aka kwantar da yunwa, ɗakin kaka zai lallaɓa. Abin da ake nema a wannan shekarun shi ne nauyi ya tsaya, tsawo ya cim masa. Yana ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. In baɗi yana nan a kilo 41 da tsawo 140, lissafinsa ya koma 20.9, layin ƙiba na ɗan shekara 10 kuwa 21.4 ne. Ya fita ke nan, ba tare da ya zubar da ko kilo ɗaya ba.

Mai harhaɗa magunguna, Daura:
Hajiya, kafin a ɗora wa abinci laifi duka, a bincika abin da aka taɓa ba shi. Yara da yawa ana fara musu maganin buɗe ciki tun suna ƙanana don "ba ya cin abinci". Ruwan maganin nan yawanci cyproheptadine ne, yana sa ci da barci. Mafi muni su ne ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, wato dexamethasone da prednisolone, sai man bilicin mai irin wannan sinadari da wasu ke shafa wa yara. Ƙibar da suke kawowa tana da kama: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ƙeya da ciki, hannu da ƙafa su sirance, fatar ciki ta yi zane-zane, tsawo ya tsaya. Yaron da ƙibarsa ta ci ce, yawanci dogo ne a cikin tsaransa. Gajere mai ƙiba shi ne abin tuhuma. In ya yi makonni yana shan ƙwayar, kada a yanke rana ɗaya, jini na iya faɗuwa ya galabaita. Likita ne zai rage a hankali.

Shayin rage teɓa, akasarinsa ganyen filasko ne ko danginsa. Zawo yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan daram. Sai kuma gyaɗar 'yan tamowa da ake gani a kasuwa: leda ɗaya mai giram 92 tana ɗauke da kalori 500. An yi ta ne don yaron da yunwa ta kassara, ba abin lasa wa lafiyayye ba ne.

Masaniyar abinci, Rafindadi:
Ni ta kwalba zan fara, don nan riba take da sauri. Coke na 35cl yana da suga kusan giram 37, ƙaramin cokali 9. Robar 50cl ta kai cokali 13. Abin da ya fi dacewa a yini duka kada ya wuce cokali 6. Kuma kada a ce an koma zoɓo ko kunun aya na leda an tsira, masu sayarwa ba sa tausayin suga. A dafa a gida, cokali ɗaya a kofi, bayan mako biyu a koma rabi. Harshe na sabawa. Fura ba ta da laifi, gero ne da nono. Abin da ake zubawa a kai ne matsalar.

Na biyu mai. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, na gyaɗa ko na ja duk ɗaya. Wake da shinkafa ko ɗanwake, a auna masa cokali ɗaya, a daina tsiyayawa daga galan. Faranti kuma a raba: rabi ganye, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, ko kabeji da kokwamba, kwata wake, ƙwai, kifi ko awara, kwata tuwo ko shinkafa, daidai dunƙulen hannunsa, ba na babansa ba. In ya nemi ƙari a jira minti 20, in har yanzu yana so a ƙara miya da ganye. A maimakon kuɗin tara a sa masa dafaffen ƙwai, gwaiba ko lemon ɓawo, da gorar ruwa. Tukunya ɗaya za a yi wa kowa. Ranar da aka ware masa kwano shi kaɗai ƙannensa na shan lemo a gabansa, shirin ya rushe.

Malamin motsa jiki, Ƙofar Marusa:
Ana son minti 60 na wasan da ke sa haki kowace rana, ko a rarrabe. Daga boko sai lesin sai Islamiyya, duk a kurkura, ina lokacin? In Islamiyyar cikin unguwa take ya taka da ƙafa, minti 15 zuwa, 15 dawowa. Sauran rabin awa ƙwallo, langa ko keke kafin magariba. Barci awa 9 zuwa 12, waya ta kwana wajen uwarsa. In ya fara ɗingishi ko kukan gwiwa ko ƙugu ba tare da ya faɗi ba, a dakatar da gudu a yi hoton ƙugu, kan ƙashin cinya na iya gocewa a yara masu nauyi.

Goggon Abba:
Na gode, Allah ya saka. Sau nawa za mu riƙa auna shi?

Ma'aikaciyar jinyar yara:
Amin. Sau ɗaya a wata ya isa, da safe, a sikeli ɗaya, a rubuta a littafi. Tsawo duk wata uku. In babu sikeli, ku yanki zare daidai tsawonsa, ku ninke biyu, ku zagaya cikinsa ta ɗan saman cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, da sauran aiki. Ranar asibiti ku tafi da Hajiya kaka, ta ji sakamakon sugan daga bakin likita.