Neman shawara: ta ce mini "da sauƙi", alhali jininta ya hau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da aka tura ni wani ƙaramin asibiti. Galibin masu zuwa awo matan rugage ne, ni kuwa ba na jin Fulatanci. Shekaranjiya wata mai ciki wata takwas ta zo, fuska a kumbure, zobe ya nutse mata a yatsa. Na auna jininta, 160/110. Na tambaya ko kanta na ciwo, ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Mijin ne ke mana tafinta. Nan take na tura su babban asibiti, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Da ban auna ba fa? Yaya zan yi su riƙa faɗa mini abin da ke damun su?

Wata tsohuwar ungozoma:
'Yata, ba ƙarya ta yi miki ba, kunya ce da dauriya. A gaban miji ko uffan ba za ta ce ba. Ki roƙe shi cikin ladabi ya ɗan jira a waje, ki samu mace ta yi tafinta. Kuma ki daina tambayar "kina jin ciwo?" Tambaye ta ko ta runtsa jiya, ko ta iya kai nono kasuwa, ko tana gani dishi-dishi. A nan za ki kamo alamun jijjiga, ciwon nan mai kama da farfaɗiya da ke biyo hawan jini ga mai ciki, tun kafin ta kayar da ita.

Wata 'yar'uwa Bafulatana:
Anti, semteende da munyal muke cewa, wato kunya da haƙuri. Da su aka raine mu, raki wajen haihuwa ma abin gori ne. Ki riƙe waɗannan: hoore kai, reedu ciki, naawi ya yi ciwo. Wajen cika kati kada ki matsa mata ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari, tambayi wadda ta rako ta.

Wani malamin asibiti:
Ki je ki gai da Arɗo, Malama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zo awo aƙalla sau 8, amma izini da kuɗin mashin a hannun maza suke.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Mai yi mana shara Bafulatana ce, sai dai daga yankinsu take. Sirrin marar lafiya fa, Mama?

Tsohuwar ungozoma:
Ki fara tambayar matar ko ta yarda da ita. In ta yi shiru ta kau da kai, nemi wata.