Wai kwanan eriya ya ƙare?

Auta: Salamu alaikum. Ni dai na faɗa, nan da shekara 10 ba za ka sami mai zaman jiran ƙarfe tara don wata tasha ta saka masa shiri ba. Kamfanin Nielsen, mai ƙididdigar masu kallo a Amurka, ya ce a watan Mayun 2025 kallo ta intanet ya zarce na eriya da na kebul a haɗe, karo na farko. Talabijin ya mutu, binnewa ta rage.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, ka cika saurin ɗinka likkafani. A 2016 BBC ta sauke tasharta BBC Three ta mayar da ita intanet zalla, wai matasa can suka koma. A 2022 ta dawo da ita kan akwatin talabijin. Wace irin gawa ce take tashi bayan shekara shida?

Auta: Tasha ɗaya ce fa, Kawu. Suwizalan ɗungurungum ta kashe watsa talabijin ta eriya tun 2019.

Kawu: Eriyar suka kashe, tashoshin suna nan ta kebul da tauraron ɗan'adam. Hanya aka sauya, ba kaya ba.

Yaya: Bari in sa baki, don akwai abin da ku biyun ba ku taɓa ba. Hasumiyar gidan talabijin sau ɗaya take cilla hoto sama. Ko mutum goma ne suka kunna, ko miliyan goma, nauyinta bai ƙaru ba. Intanet kuwa kowane mai kallo sai an aiko masa da nasa daban, kamar mai rabon wasiƙa gida-gida. Shi ya sa daren damben Mike Tyson da Jake Paul a Netflix, dandalin kallon fina-finai ta intanet, Nuwamban 2024, jama'a suka yi ta ƙorafin hoto yana daskarewa, 'yar da'irar nan tana ta juyawa. Sannan ga jinkiri. Ni na kalli wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 a waya, maƙwabcina yana kallo ta tasha. Sai in ji ihunsa ya tsaga bango, ni kuma a wayata Mbappe bai ma ajiye ƙwallon fenariti ba. Haushi ya sa na kashe wayar na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Auta: Wannan matsalar injiniyoyi ce, Yaya, za su gyara.

Goggo: Ni ba ruwana da injiniya. Yaron nan ya sa mini abin kallo ta intanet ɗin, na yi rabin awa da rimot a hannu ina hawa ina sauka, ban zaɓi komai ba har barci ya kwashe ni. Tasha kuwa na kunna, abin da na tarar shi ne rabona.

Kawu: Yauwa! Kuma ku lura, Netflix da ta yi shekaru tana alfaharin ba ta saka talla, a 2022 ta fito da tsari mai talla. Tun Janairun 2025 tana haska kokawar WWE kai tsaye duk Litinin. Talla, da rana tsayayya, da lokaci tsayayye. Auta, mene ne sunan wannan in ba talabijin ba? An kori kare daga gindin ɗinya, an zo an zauna a wurinsa.

Auta: To, ƙwallo da dambe da labarin gaggawa na bar muku. Amma Kawu, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da ka ga jikanka ya zauna yana jiran lokacin shirin yara?

Kawu: Ka kama ni a nan. Shekaranjiya ina kallon labarai ya zo ya sa yatsa a fuskar akwatin yana ta gogawa, wai zai ture mutumin ya wuce. Da ya ƙi turuwa sai ya juyo ya ce mini, Kaka, abinka ya lalace.