Ƙaramar masana'antar lemu a Damagaram: yaya za mu yi da ruwa, leda da itace?

Uwargida ta Zango ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni da wasu mata na unguwarmu mun daɗe muna haɗa lemun zoɓo, na tsamiya da na citta, muna ƙullawa a leda, ana kai wa masu firigo a Kasuwar Dole da bakin tasha. Yanzu ciniki ya ƙaru har muna shirin kama shago, mu sayi injin liƙe leda, mu nemi takardun izini. Abin da ke damuna shi ne, duk yadda aikin ya girma, haka ruwan da muke sha wa gari zai ƙaru, haka itacen da muke ƙonawa, haka kuma ledar da za ta ƙare a kwata da bakin tapki da sunanmu a jikinta. Ba na son in ci riba da abin da zai cuci maƙwabta. Masu sani, ta ina ya kamata mu fara gyara, ba tare da kuɗin lemun ya fi ƙarfin talaka ba?

Mai Gyaran Inji ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ni a ganina ku fara da ruwa, domin a garin nan shi ne abin da ya fi kowane tsada ko da ba a ga tsadarsa a takardar biya ba. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarƙashinta ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya, da Arunguza, da kuma Ganaram. Duk wanda ya taɓa ganin layin bido a watan Afrilu da Mayu, da yadda ƴan garuwa ke ƙara kuɗi idan famfo ya ɗauke, ya san cewa litar da masana'anta ta zubar a banza daga bakin wani gida aka ɗauke ta.

Abu na farko, ku sa wa shagon kontar ruwa nasa na kansa, ku riƙa rubuta abin da ya shiga da yawan lemun da ya fita. Mafi yawan masu irin wannan sana'a suna zaton ruwan da ke cikin lemun shi ne babban kaso, alhali kuwa wanke tukwane, robobi, rariya da daɓen ɗaki ne ke lashe mafi yawa. Idan kuka jera baho uku, na sabulu, na ɗauraya ta farko da na ɗauraya ta ƙarshe, ruwan baho na uku yana iya komawa ya zama na wankin farko a zagaye na gaba, daga nan kuma a share daɓe da shi. Tiyo da ake bari yana zuba yayin da ake goge tukunya, a sa masa bakin da ke rufewa da kansa.

Abu na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan ne ake yaudarar mutane. Masu sayar da kaya za su ce muku sai kun sayi babban injin tace ruwa irin na masu fiya wata, wanda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi. Wannan inji yana da amfani inda ruwa yake da gishiri ko kanwa, amma ƙananan irinsa sukan zubar da kusan rabin ruwan da ya shiga cikinsu, wani lokaci ma fiye. Ku da ruwan famfo za ku yi aiki, kuma za ku tafasa shi, matatar gawayi da ta tsumma mai kyau za su wadatar, muddin an kai samfurin ruwan an auna an tabbatar. Idan kuma dole ta sa kuka sayi injin, kada ruwan da yake fitarwa ya tafi kwata, a tara shi a tanki don wanki da ban-ɗaki. Sai dai ruwan da aka zuba wa javel ko soda kada a ba shuka, yana ƙona saiwa.

Malamin Lekol na Birni ya amsa:

Ban ƙi maganar Malam ba, amma Hajiya, ni ledar ce ta fi tsaya mini a rai. Ruwan da aka ɓata damina tana iya mayar da wani abu daga cikinsa, leda kuwa ba ta ruɓewa a shekaru masu yawa. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya, dunƙulen leda ne baƙi ƙirin wanda ya hana dabbar cin abinci har ta rame. Ita ce ke toshe magudanai idan ruwan sama ya sauko, ita ce ke rataye a ƙaya a gonakin bakin gari, idan kuma aka tara aka cinna mata wuta hayaƙinta guba ne ga yara da masu ciwon ƙirji.

Ƙasarmu Nijar tana da doka a kan wannan tun ranar 5 ga Nuwamba 2014, doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana yin leda mai laushi, shigo da ita, sayar da ita da amfani da ita. Kowa ya san ba a bin ta yadda ya kamata, amma tana nan, kuma mai zuba jari a injin liƙe leda ya kamata ya yi tunanin ranar da za a tashi aiwatar da ita da gaske, kamar yadda Ruwanda ta yi tun 2008. Shawarata ita ce ku raba kasuwarku gida biyu. Masu shaguna, gidajen abinci da masu biki ku ba su a kwalba ko bido da ake maidowa, a ajiye kuɗin jingina, wanda ya dawo da kwalba a mayar masa da kuɗinsa. Haka kamfanonin lemun kwalba suka yi shekara da shekaru a ƙasar nan, kuma ba a ganin kwalabensu a juji domin kowace tana da daraja. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne robobin da yara ke tsintowa a bola a sayar wa masu lemu. Ba a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsu ba, kuma roba ba ta jure ruwan zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta.

Mai Gyaran Inji ya sake amsawa:

Malam, gaskiya ne, amma a faɗa wa Hajiya cewa wankin kwalba shi ma ruwa yake ci, don haka tsarin baho uku ya zama wajibi kenan. Ribar kwalba ita ce, zoɓo da tsamiya suna da tsami sosai, idan aka zuba su da zafinsu, wajen digiri 85, a kwalba mai tsabta aka toshe nan take, suna daɗewa ba tare da firigo ba. A garin da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan ɗaukewa, wannan yana rage lemun da ke lalacewa a zubar, wanda shi ma asarar ruwa ne da sukari da wuta. Na citta ba shi da wannan tsamin, sai an ƙara masa lemun tsami, kuma gara a bar shi a sanyi.

Ƴar Matamaye ta amsa:

Yaya, ni a kan itace zan yi magana, tunda mu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa mun san zafinsa. Zoɓo ba ya bukatar a yi ta dafa shi. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba zoɓon a rufe tukunya ya jiƙu, launinsa ma ya fi fitowa. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafin wuta a iska, murhu mai rufi na laka ko na ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ɗin girki na cikin gida ya samu, kuma ga shago a cikin gari ya fi tsabta, ko da yake ku tanadi tukunyar gaz ta biyu saboda lokutan ƙaranci. Mu nan ɓawon gyaɗa muke haɗawa da itace, abin da a da ake zubarwa. Tukar zoɓo da ta tsamiya da kuka tace kada ku haɗa su da shara, ku shanya, masu lambu na Mirya da masu kiwo za su karɓa, wasu su yi taki, wasu su gauraya da dusa. Maganar ledar ƴan dala biyar-biyar kuwa, ban ga yadda za ku bar ta lokaci ɗaya ba, domin ɗan makaranta da mai turin kura ba su da kuɗin jingina. Ku ajiye buhu a gaban kowane mai firigo da kuke kai wa, ku ba yaron da ya cika shi lemu ko ɗan kuɗi, sannan ku je ma'aikatar magajin gari ku tambayi inda ake karɓar ledar da aka tara kafin ku fara, don kada buhunan su taru a bayan shagonku.