Tafkunan kan tsauni: wanne ake shiga, wanne ne sai kallo?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa zuwa. Muna shirin hutu da iyali tsakanin Yuli da Agusta, kuma abin da nake so shi ne tafkin da ke cikin tsaunuka, wanda za a taka da ƙafa a isa, a yi gumi, sannan a samu a shiga ruwan a huce. Hotuna kam na kalla har na gaji. Abin da hoto ba ya faɗa nake so in ji: nisan tafiyar, ko yaro ɗan shekara goma zai iya, da ko ana barin mutum ya shiga ruwan. Don Allah wanda ya je da ƙafarsa ya yi magana.

Injiniya Sule:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Bari in fara da waɗanda na tabbata su ne suka cika maka waya, wato tafkin Louise da tafkin Moraine da ke gandun Banff a Kanada. Na je duka biyun a watan Yuli. Launin nan da kake gani ba gyaran hoto ba ne, haka yake. Daskararriyar ƙanƙarar da ke saman tsaunin ce take niƙa dutse a hankali har ya zama gari, idan ta narke sai ta gangaro da garin cikin tafki. Garin ba ya nitsewa da wuri, yana yawo a cikin ruwan, hasken rana ya dake shi ya ba da wannan launi tsakanin kore da shuɗi.

To amma ka lura da abin da na ce: ƙanƙara ce ta narke. Louise yana sama da mita 1,700 daga teku, Moraine kusan mita 1,900, kuma ko a tsakiyar lokacin zafi ruwan bai cika wuce digiri 5 ba. Na cire takalmi na tsoma ƙafa zuwa idon sawu, kafin in gama gyara tsayuwa ƙafar ta daina jin komai. Na ga samari biyu sun faɗa gaba ɗaya, sun fito da gudu suna ihu, abokansu na ɗaukar bidiyo. Wannan ba iyo ba ne.

Tafiyar ƙasa kuwa ba a magana. Daga bakin Louise akwai hanyar da ke hawa zuwa wani ƙaramin tafki, Agnes, kimanin kilomita 3 da rabi, cikin inuwar itatuwa kusan duka. Yaronka zai iya idan ba a yi masa gaggawa ba. Moraine kuma tun 2023 an hana motocin mutane bin hanyarsa, sai bas, kuma sai ka kama kujera tun kafin ranar. Dajin akwai beyar, don haka a tafi a ƙungiya ana hira da ƙarfi.

Hajiya Uwani:
Injiniya ka tsorata bawan Allah. Baban Sadiq, mai yara ya nufi Sulobeniya. Mun je da jikokina, kuma a can ne kaɗai na ga abin da kake kwatantawa ya cika. Tafkin Bled shi kowa ya sani, mai tsibiri a tsakiya da coci a kai, wanda ake hawa matakala 99 kafin a isa. Hanyar da ta kewaye shi kilomita 6 ce, a miƙe, ko mai ciwon gwiwa irina ya gama ta. Ruwan yana wuce digiri 20 a Yuli da Agusta, yara sun shiga sai da aka fito da su da faɗa.

Amma ni Bohinj ya fi kwanta mini. Bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Bled ba, yana cikin gandun Triglav, ya fi Bled girma, ya fi shi sanyi kaɗan, ya kuma fi shi ƙarancin hayaniya. Ruwan garai-garai, kana tsaye kana ganin kifi na gilmawa ta gefen ƙafarka. Bakinsa yana da lunguna da yawa, iyali za su samu inda za su zauna su kaɗai ba idon jama'a a kansu, wanda a Bled sai an sha wuya.

Malam Tanko:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai akwai abin da ya kamata Baban Sadiq ya sani kafin ya yanke. Bled bai kai mita 500 daga teku ba, Bohinj ya ɗan haura 500. Shi ya sa ruwansu ke shiguwa, shi ya sa kuma da rana tsaka za ka ji zafi sosai a kan hanya. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da ka hau. Don haka abu biyun da kake nema suna jan juna ne: ka yi sama ka samu iska mai daɗi da ruwan da ba ya taɓuwa, ka yi ƙasa ka samu ruwan wanka da rana mai duka.

Inda na ga sun ɗan daidaita shi ne Oeschinen a Siwizalan, sama da ƙauyen Kandersteg, mita 1,578. Ana iya hawa cikin akwatin nan da ke rataye a waya, amma ni da ƙafa na hau, awa ɗaya da wani abu, hawa ne na gaske. Tafkin yana cikin wani kwari, duwatsu sun tsaya masa a tsaye ta gefe uku, ruwa na zubowa daga samansu. A watan Agusta na je, kuma na shiga. Da sanyi, ba zan ɓoye ba, amma sanyin da jiki ke karɓa bayan ɗan lokaci.

Ga duk mai niyyar shiga irin wannan ruwa, minti na farko shi ne abin tsoro. Ruwan da ya gaza digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, zuciya ta hau bugu. Idan tsalle ka yi kanka yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa za ka shaƙa, komai iyawarka. A shiga da tafiya, a tsaya daidai ƙugu, a jiƙa wuya da ƙirji, a jira numfashi ya dawo daidai. Kuma a tsaya kusa da gaɓa, don saman ruwan ne kawai rana ta ɗumama, ƙasansa yana nan yadda yake. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a tsoma ƙafa.

Ummi K.:
Ni dai gargaɗi na zo yi. Morskie Oko a tsaunukan Tatra na Folan. Kyau kam akwai shi, amma kusan kilomita 9 za ka taka a kan kwalta daga inda ake ajiye motoci, cikin tururuwar mutane, ka isa ka tarar an hana shiga ruwan kwata-kwata. Ƙafata ta fi jin jiki a kwaltar nan fiye da kowane dutse da na hau. Wanda ya riga ya je, ya daure ya ƙara hawa zuwa tafkin Czarny Staw da ke samansa, daga can ne ake ganin Morskie Oko da kyau, mutane kuma sun ragu.

Kawu Bala:
Ku duk a gindin dutse kuke wasa. Ni Kirgistan na je, tafkin Ala-Kul, mita 3,500 da ɗoriya. Daga garin Karakol ake tashi, a kwana a tanti a hanya, a wuce ta gefen tafkin, a haura wata mashiga mai kusan mita 3,900, sannan a gangara kwarin Altyn Arashan inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A Agusta ne, amma da asuba raɓar da ke kan tantinmu ta daskare. Maganar hucewa ba ta ma taso ba, rigar sanyi muke nema.

Abin da ya sa na kawo shi, ba don ka kai yaro ba, Baban Sadiq, kada ma ka fara. Don masu karantawa ne da ke ganin ƙarfi shi ne komai. A cikinmu akwai wani matashi mai buga ƙwallo, shi ne kullum a gaba yana jiranmu. Da muka kusa tafkin sai ciwon kai ya kama shi, ga tashin zuciya, ga jiri, abinci ya ƙi shiga. Ɗan jagoranmu bai yi wata-wata ba ya juya da shi ƙasa, da suka sauka 'yan ɗaruruwan mitoci sai ga shi ya warware. Daga mita 2,500 zuwa sama iskar da ake shaƙa ta fara yi wa jiki kaɗan, kuma ba ruwanta da ƙuruciya. Maganinta a hau a hankali, a kwana a tsakiya, idan ta kama mutum kuma a sauko. Mu tsofaffi da muke jan ƙafa lafiya lau muka haye.

Wanka kuwa sai da muka sauko Issyk-Kul muka yi shi. Shi ma yana kan mita 1,600, amma faɗinsa ya sa ka ɗauka teku ne, tsawonsa kusan kilomita 180, da ɗan gishiri-gishiri, kuma ba ya daskarewa ko da hunturu. Kana cikin ruwa a bakin yashi kana hangen dusar ƙanƙara a kan tsaunuka.

Anti Zee:
Kawu, a yi mana afuwa mu 'yan gindin dutse. Nawa tafkin Ifni ne a Maroko, kusan mita 2,300, a bayan dutsen Tubkal mai mita 4,167. Ruwa kore a tsakiyar duwatsu tsirara, babu bishiya ko ɗaya da za ka fake. Iskar da sanyi-sanyi, shi ya sa ba ka ankara da abin da rana ke yi maka. Wata da muke tare da ita ta ce ai baƙar fata ba ta ƙonewa, washegari hancinta da leɓenta suka ba ta amsa. Ƙarfin hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000. Hula mai faɗi, tabarau, man kariya, da ruwan sha fiye da yadda kake zato. Ta ɓangaren ƙauyen Amsouzert ya fi sauƙin isa. Ta Imlil sai an haye mashiga mai tsawo, kuma sai da ɗan jagora.

Dan Malam:
Ba wanda ya ambaci Bunyonyi a Yuganda, kusa da Kabale. Kusan mita 2,000, tsibirai 29, gonaki a jere a jikin tuddai. Babu kada, babu dorina, mutanen wurin kuma suna cewa ruwan ba ya sa tsargiya, abin da ba kowane tafkin Afirka za a faɗa wa haka ba. Na yi iyo a ciki da safe, na yi yawon tuddai da yamma. Yuli da Agusta rani ne a can. Sai dai gaɓar tana zurfi nan take, yaron da bai iya ruwa ba sai da rigar iyo. Wanchi na Habasha ma na je, ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, amma a waɗannan watanni damina ce a can, taɓo zai hana ka jin daɗin gangarawa.

Ummi K.:
Tafkin ramin dutse mai aman wuta? Ni tun da na ji labarin Nyos nake tsoronsu.

Malam Tanko:
Ummi, abin da ya faru a Nyos na Kamaru ranar 21 ga Agusta 1986 iskar kabon ce da ta taru a ƙasan ruwan shekara da shekaru ta tashi lokaci guda, ta hallaka mutum sama da 1,700. Allah Ya ji ƙansu. Amma tafkunan da aka san suna tara iska haka ƙalilan ne a duniya, shi ma Nyos an kafa masa bututun fitar da ita tun 2001. Tafkin Crater na jihar Oregon a Amurka shi ma ramin dutse ne da ya rufta kimanin shekara 7,700 da suka wuce, zurfinsa mita 594, babu kogin da ke shiga ko fita, ruwan sama da dusar ƙanƙara kaɗai ke cika shi. Hanya ɗaya tak aka yarda a bi a sauka bakin ruwan, Cleetwood Cove, ba ta kai kilomita 2 ba, amma dawowar sai da na huta a kowace kwana. Mai zuwa ya bincika ko a buɗe take kafin ya tashi.

Injiniya Sule:
Ƙari ɗaya da ya shafi duk wuraren nan. Hadarin tsauni da rana yake haɗuwa, gari garau da safe, bayan azahar sai tsawa. A fita da sassafe, a kasance an bar tudu kafin ƙarfe biyu. Da an ji rugugi a fito daga ruwa.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Uwargida ta karanta, ta ce Bohinj. Hajiya, kewaye shi da yaro zai yiwu?

Hajiya Uwani:
Kewayen duka kusan kilomita 12 ne, zai yi masa yawa idan ya riga ya sha iyo. Ku tashi daga ƙauyen Ribčev Laz, wajen gadar dutse, ku bi gefen arewa. Can babu titin mota, hanyar ƙafa ce a bakin ruwa, inuwa kusan ko'ina, kuma duk inda ya yi muku ku tsaya ku shiga. Idan kun isa Ukanc a ɗaya ƙarshen, akwai jirgin ruwa mai lantarki da zai dawo da ku, sai ku duba lokacin tashinsa na ƙarshe. Ku saya wa yaron takalmin roba na shiga ruwa, ƙasan tsakuwa ce. Ka gaida mini uwargidan.